Nomau, Aku da Maganin Gara

To ku gyara zama, yau labarin Nomau na Kwarin Maje zan ba ku. Mai son dariya ya yi abarsa tun yanzu, don ni mai ba da labarin har gobe gabana faɗuwa yake in na kusa ƙarshensa.

Su uku ne a gidan. Akwai Iya Tabawa, tsohuwa mai ciwon ƙirji, wadda idonta ya yi rauni har ba ta gane mutum sai ya yi magana. Akwai autanta Nomau, ƙato ɗan shekara arba'in da ɗoriya, ga ƙarfi ga biyayya, amma fa abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari, ko da gari zai kama da wuta. Na ukunsu aku ne, toka-toka mai jar wutsiya, ana ce masa Ɗan Kurmi, don marigayi Malam Hamidu, mijin Iya, daga fataucin goro ya zo da shi. Shekara tara ke nan da rasuwar Malam, amma muryarsa ba ta bar gidan ba. Kullum da hantsi akun zai karkata kai daga kejinsa da ke rataye saman gadon Iya, ya yi magana da muryar Malam sak, har da ɗan gyaran muryar nan tasa.

"Tabawa, kina ciki?"

"Ina ciki, Malam," in ji Iya.

Abin da Malam ke faɗa ke nan duk ran da ya dawo daga kasuwa. Bai bar hoto ba, bai bar kaset ba, sai tsuntsun nan. Nomau duk wautarsa ya san abu ɗaya: ran da Ɗan Kurmi ya mutu, ran nan ubansa zai sake mutuwa, kuma da wuya Iya ta daɗe a bayansa.

Wata rana Iya tana kwance sai ta ji ƙasa na zubo mata a fuska. Ta shafa bango, ta ji hanyoyin gara sun miƙe har rufi. Ɗakin kuwa soro ne, azara ce ke ɗauke da ƙasar samansa. Nan take ta aiki Nomau kasuwa wajen Sallau mai feshi. Ya tarar da Sallau yana fama da famfon feshinsa, ya faɗa masa saƙon Iya, Sallau ko ɗago kai bai yi ba.

"Ni ba na cewa komai sai na ga azarar da idona."

"Sai ka gan ta da idonka?"

"Haka na ce, bawan Allah."

Nomau ya koma gida, ya ɗauki dagi, ya hau kan madafi ya zaro azara guda. Rabin rufin madafin ya rufta a kan tukunyar miya, bai ko waiwaya ba. Ya saɓa azarar a kafaɗa har tsakiyar kasuwa, ya dire ta gaban Sallau. Tana taɓa ƙasa ta karye biyu, gara ta watsu a kan tumatirin mai tebur na kusa, aka yi ta ashar. Sallau ya buɗe baki zai yi faɗa, amma da ya danna yatsa a itacen ya ji ya nutse kamar a tuwo, sai ya haɗiye faɗan.

"Sauran ɗakunan ma irin wannan azarar ce?"

"Rana ɗaya Baba ya saye su duka."

"To jibi ina nan tafe," in ji Sallau, kuma ba dariya a fuskarsa.

Wata rana, wato jibin nan da aka ce, Iya ta shirya tafiya birni gidan 'yarta Hansai na kwana bakwai, don ƙirjinta ba zai ɗauki warin magani ba. Ta so tafiya da akun, amma gidan Hansai akwai kyanwa har biyu, manya. Ta lalubo hannun Nomau ta ɗora a kan kejin.

"Ga amanar ubanka. Kada ka rabu da shi ko na ƙiftawar ido har in dawo."

"To, Iya."

Motar na tashi Sallau ya iso da famfo a baya, ya ce a fitar da duk wani mai rai daga gidan. Nomau ya rataya kejin a wuya, ya kora awaki, ya kwashe kaji, ya bi ƙadangaru da gudu har ya kama uku ya kai su waje. Sallau ya gama fesa zaure, ya leƙa ɗakin Iya, sai ga gwanin naka durƙushe da tsintsiya, yana share gara a hankali yana zubawa a ƙwarya.

"Kai, me kake yi haka?"

"Su ma masu rai ne."

"Su fa muka zo kashewa!"

Ya shaƙo wuyan rigar Nomau da hannunsa da ya jiƙe da magani, ya ja shi waje. Suna ratsa zaure sai wata tsaka ta faɗo daga bango a gabansu. Ta yi shure-shure sau biyu, ta juya farin cikinta sama, shi ke nan. Nomau ya tsaya cak.

"Me ya same ta?"

"Shaƙa ta yi. Tsuntsunka in ya shaƙa, ko rabin lokacin nan ba zai yi ba. Saboda haka ka ji ni da kyau. Kada iskar gidan nan ta taɓa shi. Kada ya ci ko ya sha wani abu da ya fito daga gidan nan."

Da la'asar, bayan ya jiƙe bango da azara da magani, Sallau ya garƙama wa ɗakin Iya kwaɗo, ya danƙa wa Nomau mabuɗi, ya ce ba mai shiga, mutum ko tsuntsu, sai Nomau ya shinshina ya ji babu sauran wari ko kaɗan. Nomau ya ɗaura mabuɗin a mazagin wandonsa, ya koma zauren maƙwabciyarsu Gwaggo Marka mai ƙuli-ƙuli da zama. Duk inda ya juya, farin cikin tsakar nan yake gani.

Wata rana, kashegarin feshi, yana zaune a ƙofar zauren da keji a cinya, sai ya ga iska ta kwaso wani busasshen ganye daga kan katangarsu ta kawo har gabansa. Wayyo! Ashe iskar gidansu nan take zuwa. Ya tashi a firgice, ya samo wata ƙatuwar leda, ya zura kejin ciki, ya ɗaure bakinta tamau da igiya. Ya zauna yana kallo, ransa ya ɗan kwanta. Can sai ledar ta fara gumi daga ciki. Ɗan Kurmi ya buɗe baki yana haki, ya saki fukafukai, ya yi tangaɗi a kan sandarsa, ya faɗo ƙasan keji. Nomau ya kurma ihu.

"Gwaggo! Iskar ta shiga! Ta wani wuri ta shiga!"

Gwaggo Marka ta fito da mai a hannu. Kallo ɗaya ta yi, ta sa haƙori ta yage ledar, ta yi ta fifita da gefen zaninta tana salati. An daɗe, wallahi an daɗe, kafin tsuntsun ya motsa ƙafa ya buɗe ido.

"Kai dai Allah ya shirye ka, Nomau! Kashe shi za ka yi? Wane mai rai ne ke zama ba iska? Ka kai shi inda iska ke kaɗawa sosai, nesa da gidanku."

Akun ya tashi, ya koma kan sandarsa. Amma da hantsi ya yi washegari, Nomau ya kasa kunne, shiru. Ya durƙusa ya raɗa masa, "Ka ce Tabawa." Tsuntsun ya dube shi da ido ɗaya, ya juya masa baya.

Wata rana aka wayi gari ba Nomau ba keji. Gwaggo Marka ta zaga gari tana cigiya, sai wani manomi ya ce shi dai ya ga wani abu kamar mutum a ƙolin rimin da ke bakin rafi. Mutane suka ɗunguma can. Ga Nomau a reshen ƙarshe, wanda ko masu cirar zuma ba sa hawa, ya rungume keji da hannu ɗaya, iska na lilo da su. Shi kuwa tsoro ya gama kashe shi, don tunda ya hau bai yarda ya dubi ƙasa ba. Bai ankara ba sai ga inuwa ta gilma. Shaho ne. Ya zaga sau ɗaya, ya zaga sau biyu, ya kawo sura har farcensa ya karci ƙarfen kejin. Nomau ya kife a kan kejin da ƙirjinsa, ya ba shahon baya, yana kiran Iya kamar yaron goye.

"Sauko, Nomau!" in ji mutane.

"Gwaggo ce ta ce inda iska ke kaɗawa sosai!"

"Na janye!" in ji Gwaggo Marka, hannu bisa kai. "Na janye maganata, ka sauko don girman Allah!"

Sai da ta janye har sau uku sannan ya yarda aka hau da igiya aka sauko da su. Suna shiga gari hadari ya haɗo, aka kece da ruwan farko na shekara, aka wuni ana yi. Nomau ya zauna a zaure yana kallon soron Iya yana shan ruwa, indararo na zuba, bayansa na zogi inda shaho ya yage shi. Akun dai ko uffan.

Wata rana gyaɗar da aka saya wa tsuntsun a kasuwa ta ƙare. Gwaggo Marka ta ɗebo tata a faifai ta miƙo. Nomau ya kai hannu, sai ya tsaya.

"Gwaggo, ina kika samo irin gyaɗar nan?"

"Bara uwarka ta ba ni na shuka."

"To daga gidanmu ta fito."

"Ubanka! Gyaɗar bara?"

Ya ture faifan. Ya je rijiya, sai ya tuna gugansu ya sha shiga cikinta, ya fasa. Ya je wajen mai dawa, ya tuna da takin awakinsu aka noma ta. Ashe babu abin da ke Kwarin Maje da bai taɓa ratsa gidansu ba, haka zaman ƙauye yake. Rana ta take, tsuntsu na buɗe baki don ƙishi, Nomau kuwa ya rasa inda zai nufa. Sai ya ari zanin Gwaggo ya goya kejin a baya yadda mata ke goya jariri, ya nausa daji. Ya yi tafiyar da ta fi awa biyu har ya isa wata ruga, ya yi sallama da wata Bafulatana da ke dakan gero.

"Baiwar Allah, kin san Iya Tabawa?"

"Ban san ta ba."

"Kin taɓa aron wani abu a gidanmu?"

"Ni ko garinku ban sani ba."

"Alhamdu lillahi. Taimaka mana da ruwa da gero."

Ɗan Kurmi ya sha, ya ci, ya karkaɗe jiki, amma bai yi magana ba. Tun daga ran nan kullum sai Nomau ya yi wannan tafiyar. Da goyon yake salla a sahun baya, da shi yake cin tuwo. Wanka kuwa ya yafe shi, don ya ce in sabulu ya shiga idonsa dole ya rufe, kuma Iya ta ce ko na ƙiftawar ido. Rigar da ya sa ran feshi ita ce a jikinsa har kwana bakwai suka cika.

Wata rana da hantsi, ranar cikar kwana bakwai, mota ta sauke Iya. Nomau ya tare ta a ƙofar gida, ya kwance goyo ya miƙa mata kejin, kansa a ƙasa.

"Yana da rai, Iya. Amma ya daina magana."

Iya ta rungume kejin, ta kira shi, ta sake kira. Shiru. Hawaye suka zubo mata.

"Baƙunta ce," in ji ta. "Buɗe mini ɗaki in rataye shi a wurinsa, in kwanta. Zai tuna."

Nomau ya je ƙofar ɗakin, ya kara hanci a jikin ƙyaure, ya ja numfashi.

"Akwai wari."

Gwaggo Marka ta zo ta shinshina, ta ce babu. Maƙwabta biyu suka shinshina, suka ce babu. Nomau ya sake ja, ya ce yana nan daram, kuma Sallau ya ce ko kaɗan. Ya kafe a bakin ƙofa ya tokare ta da bayansa. Iya ta lallashe shi, ya ƙi. Ta yi faɗa, ya ƙi. Abin da bai taɓa yi ba tunda aka haife shi, yau ya yi, ya ce wa uwarsa a'a, yana faɗa yana kuka, don tsakar nan yake gani da jar wutsiya.

Gwaggo Marka ta matso za ta finciko shi, sai ta ja da baya ta toshe hanci.

"La ilaha illallahu! Warin ai a wuyan rigarka yake, sakarai! Duk inda ka kai hancinka yana biye da kai!"

Mutane suka bushe da dariya. Nomau ya tuɓe rigar ya jefar, ya sake shinshina ƙofa. Har yanzu yana ji, don ya kama fatar wuyansa.

"To sai na yi wanka in zo in sake shinshinawa."

"Ba mu mabuɗin tukuna."

"Sai na shinshina."

Ya ɗauki bokiti ya shige makewayi da mabuɗi a mazagi. Iya ta zauna a kan turmi a tsakar gida da keji a cinya, rana na dukanta, tana tari. Gwaggo Marka ta ce wallahi ba za a bar tsohuwa a rana saboda wawa ba, ta ɗauko taɓarya.

Nomau ya saɓa sabulu a fuska ke nan sai ya ji duka a kan kwaɗo. Ɗaya. Biyu. Ya yi ihu a tsaya, ba wanda ya ji shi. A na huɗu ya ji kwaɗon ya faɗi, ya ji ƙyaure ya yi ƙara, ya ji Gwaggo na cewa, "Taso, Tabawa, kawo hannunki." Yana laluben ruwa ya wanke ido sai ya ji wani abu ya yi ƙas, kamar an karya kara. Sai kuma rugugi. Ƙasa ta girgiza a ƙarƙashin ƙafarsa, bokitin ya kife.

Ya fito da gudu da wando a karkace, kumfa a ido. Ba ya ganin komai sai jar ƙura ta cika gidan. Inda soron Iya yake, sama ce a buɗe. Azarar da gara ta cinye, ta sha magani ta sha ruwan sama, ta gaji da ɗaukar ƙasa, ta sauke ta gaba ɗaya a kan gado da ƙusar da ake rataya keji. Nomau ya zube a ƙasa. Gidan ya yi tsit, ba tari, ba salati, ba komai.

Sai daga cikin ƙurar aka yi gyaran murya, irin na mutumin da ya dawo daga kasuwa.

"Tabawa, kina ciki?"

Nomau ya juya wajen muryar. Shekara tara yana jin amsar tambayar nan, yau kuwa ita ce abin da ya fi tsoro a duniya. Ƙura ta fara lafawa. Ya hango Gwaggo Marka zaune daɓas a ƙasa, ta yi fari fat. Taku uku daga bakin ƙofa kuma ga wata 'yar tsohuwa a tsaye, ta ƙanƙame keji a ƙirji.

"A'a, Malam," in ji Iya Tabawa. "Ina waje. Ɗanka ne ya hana ni shiga."